Bappa da Rubutun Matattu

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safiyar wata Talata mujallu suka daina buɗewa a laburaren jami'armu. Ina aji biyu a lokacin, ina zaune a kwamfutar da ke kusa da taga. Na danna maƙalar da na fara karantawa jiya, sai shafin ya nuna mini takenta da ɗan taƙaitaccen bayani, a ƙasa kuma hoton kwaɗon ƙofa da farashi da dala. Na ɗauka intanet ce ke wasa. Na sake dannawa. Na kusa da ni ya ɗago kai, na bayansa ma ya ɗago, kafin a jima ɗakin da ba a magana a cikinsa ya cika da magana. Sai ga Bappa ya fito daga ofishinsa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Ba intanet ba ce. Ni ne ban sa hannu ba."

Na fara da wannan safiyar ne domin da ita mutane da yawa suka zo ta'aziyyarsa. Bappa yayan mahaifina ne. Shi ya riƙe mu a gidansa na Damilu tun shekarar da muka gudo daga Mubi, kuma shi ne shugaban laburaren jami'ar har zuwa lokacin da aka ce ya sauka. Ya rasu wata uku da suka wuce, bayan hawan jini ya kayar da shi a gona. Na Allah ne shi, ya koma ga Mai shi, mu ma hanyar ke nan.

Tagar ɗakina tana kallon rumfar da aka kafa wa maza, don haka na ji abin da ba a yi niyyar in ji ba. Maƙwabta sun zo da "sey munyal, sai haƙuri," suka zauna suna tuna yadda ya buɗe gidansa a shekarar gudu, har mutanen da bai sani ba suka kwana a garejinsa. Manoman Mbamoi, inda ya koma noma a ƙarshen rayuwarsa, sun kawo buhun dawar masakwa domin sadaka. Ba su ma san ya taɓa riƙe laburare ba. Sun ɗauka tsohon hedimasta ne. Su kuwa malaman jami'a, addu'arsu tana da wutsiya. "Mutum ne mai gaskiya, amma..." "Allah Ya jiƙansa, sai dai taurin kai." Wani matashin lakcara da ya zauna daidai ƙarƙashin tagata ya ce wa abokinsa a hankali, "Na yafe masa, wallahi na yafe, amma ya ci mini shekara biyu." Ban ji haushinsa ba. Na san gaskiya ya faɗa.

Farfesa ya zo rana ta biyu. Ɗan Barno ne, malamin kimiyyar ƙasa, abokin Bappa tun suna samari, kuma tsakaninsu akwai wasan nan na Fulani da Barebari. Bai gaisa da kowa ba. Ya zauna a kan tabarma, ya dubi ƙofar gida, ya ce da ƙarfi, "Bafillatanin nan ya gudu bai nemi izinin ubangidansa ba." Mutane suka fara murmushi, sai suka ga ya rufe fuskarsa da babbar rigarsa, kafaɗunsa suna rawa. Shekara biyu ke nan rabon da su yi magana da Bappa.

Ina so in rubuta shi yadda na san shi, kafin addu'a mai wutsiya ta zama ita kaɗai ce abin da ya rage.

Bappa ba ya taɓa littafi sai ya wanke hannu, ko da kuwa littafin lissafin firamare ne. Idan ɗalibi ya yi barci a laburare da kansa a kan littafi, ba ya tashinsa. Sai ya zo a hankali ya zare littafin, ya sa masa tsohuwar jarida a wurin, ya wuce. Idan ka dawo da littafin aro, tambayarsa ɗaya ce: "An karanta, ko an ajiye?" In ka ce an karanta, sai ya buɗe tsakiya ya tambaye ka abin da ke ciki. Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata" yake cewa, a gida da kuma gaban ma'aikatansa, ni kuwa in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A shekarar gudu, ɗaliban makarantun Mubi da na ƙauyukan da ke bayanta sun cika Jimeta, ba aji, ba takarda, wasu ko takalmi babu. Dokar laburare ta ce ba mai shiga sai da katin jami'a. Bappa ya sa aka ɗauke teburin mai gadi daga bakin ƙofa, ya ajiye kujerarsa a wurin. Duk wanda ya zo sai ya tambaye shi, "Me kake karantawa kafin ka gudo?" In ya faɗa, sai ya nuna masa kantar da littattafan fanninsa suke. Da magatakarda ya aiko a tambaye shi da izinin wa ya yi haka, ya ce a gaya masa yaran ba su ci ko shafi ɗaya ba tukuna, in sun ci zai kawo rahoto.

Mahaifina bai iso Yola ba. Malamin aikin gona ne a wata babbar makaranta a Mubi. Ranar da garin ya faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya, ya sa mu a bayan wata motar ɗaukar kaya, ni da Dada, wato mahaifiyata, da ƙannena biyu, ya ce zai koma ya fito da wasu ɗalibansa mata da suka maƙale a ɗakin kwana. Ɗaliban sun iso. Su ne suka gaya mana inda aka tare su a hanya, da inda mutanen wani ƙauye suka binne shi. Gidanmu an ƙona shi da littattafansa duka.

Bayan Dada ta fita takaba, Bappa ya kira Modibbo, limamin unguwa, domin rabon gado. Ina zaune a bayan Dada. Ba a daɗe ba aka gama, domin babu abin rabawa sai filin da ke ƙarƙashin toka. Sai Dada, wadda ba ta cika magana a gaban Bappa ba, ta ce akwai sauran abu ɗaya. Ta ce marigayi ya yi shekaru yana yawo a fadamu yana bincike a kan masakwa, dawar nan da ake dasawa bayan ruwa ya janye, da tsutsar da ke cin karanta. Ya rubuta, an buga a mujallun ƙasashen waje. Ta ce ita ba ta son a raba wannan. Tana so a yi waƙafi da shi, a buɗe wa duk mai so, yadda ake ajiye littattafan malami a masallaci bayan ya rasu, domin lada ya riƙa isa gare shi a inda yake kwance, tun da ko kabarinsa ba mu sani ba.

Modibbo ya ce wannan niyya ce mai kyau, ya dubi Bappa. 

"Ba nasa ba ne," in ji Bappa.

"Ba shi ya rubuta ba?" in ji Modibbo.

"Shi ya rubuta. Amma kafin su buga, sai ka sa hannu ka mallaka musu. Duk malamanmu haka suke yi, in ba haka ba babu ƙarin girma."

"Nawa suka saya?"

"Ba su saya ba, Allah Ya gafarta Malam. Kyauta ya ba su."

Modibbo ya juya wajen Dada. Ya ce abin da mutum ya bayar yana da ransa da lafiyarsa ya fita daga gadonsa, kuma ba a yin waƙafi da abin da ba naka ba. Dada ba ta yi kuka ba. Ta dai dubi Bappa, wanda take kira Hamma, wato yaya, ta ce, "To Hamma, ka roƙe su." Bappa ya ce, "Zan roƙe su."

Kada a fahimce ni ba daidai ba: ba karanta rubutun ne ya gagare mu ba. Bappa ya buga mana kwafi a ofis, na karanta har na kusa haddacewa. Abin da Dada take so shi ne a buɗe, malamin gona a Ganye ko ɗalibi a Mubi ya danna ya gani ba tare da an tambaye shi dala ba. Ɗan Bappa na fari ya taɓa cewa wannan ai aikin minti biyar ne, a ba shi ya watsa a intanet, waye zai zo Damilu ya kama shi? Dada da kanta ta hana. Ta ce ta ji abin da Modibbo ya faɗa, ba za ta aika wa mijinta ladan kayan sata ba. Daga nan duk shekara, in azumi ya gabato, sai ta tare Bappa a tsakar gida ta ce, "Hamma, an buɗe?" Shi kuma ya ce, "Da saura."

Yadda harkar take, a bakin Goggo na fi gane ta. Goggo ƙanwar Bappa ce, tana sayar da atamfa a kasuwar Jimeta, kuma ita kaɗai ce ba ta jin tsoronsa. Wata Juma'a ta zo ta same shi da takardu a gabansa, ta ce ya gaya mata abin da ke hana shi cin abinci.

Ya ce wani babban kamfani ne a Turai yake riƙe da yawancin mujallun da malamai ke bugawa a ciki. Malamai su yi bincike, su rubuta, su ba shi. Wasu malaman su duba masa rubutun, su ma ba a biyansu. Sannan jami'o'i su biya shi duk shekara domin ɗalibai su karanta.

"Ku saya ke nan."

"Haya dai. Ranar da ka daina biya, har na shekarun baya sai a rufe."

"In kuma mutum yana so a bar nasa a buɗe?"

"Sai ya biya su wani kuɗin dabam. Kuma marubucin ne da kansa zai nema."

Goggo ta tafa hannu. "La ilaha illallahu! Hamma, ku saƙa, ku rina, ku kai masa har shago, sannan ya ba ku haya? Ni da na san da wannan sana'ar me zai kai ni shan rana da atamfa? Ku ne masu digirin?"

"Mu ne," in ji Bappa. Bai yi dariya ba.

A shekarar da dala ta tashi, shugabannin laburare na jami'o'i da yawa suka haɗu a Abuja suka ce ba za su ƙara zama da kamfanin ɗai-ɗai ba, baki ɗaya za su yi. Bappa yana cikin waɗanda aka zaɓa su yi ciniki. Sun nemi a rage farashi, sun nemi a daina hana kowace jami'a faɗin abin da ta biya. Bappa ya ƙara sharaɗi nasa: a bar kowace jami'a ta ajiye rubutun malamanta a rumbunta na intanet, inda kowa zai iya karantawa, kuma wanda ya rasu magadansa su tsaya a madadinsa. Ya gaya musu cewa a yankinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Daga Maiduguri zuwa Mubi akwai malaman da aka kashe a gida, da a hanya, da a masallaci, da waɗanda har yau ba a san inda suke ba, kuma ba wanda zai tashi ya nemi a buɗe rubutunsa.

Na sha ganin wakilin kamfanin a laburare. Dogon mutum ne mai fara'a, daga Legas yake zuwa, amma a barikin 'yan sanda na Jimeta ya girma, Hausarsa ta nan ce sak. Yakan kawo wa Bappa dabino, Bappa ya karɓa ya raba wa masu shara a gabansa. Su shige ofis su rufe ƙofa, in sun fito sai ka ga wakilin yana dariya yana goge gumi, yana cewa, "Baba, kai dutse ne." Bappa ya ce, "Sai ka dawo."

Bakin da aka ce ɗaya ne bai daɗe ba. Kamfanin ya bi jami'o'in ɗaya bayan ɗaya, kowace ya rage mata wani abu ya ce kada ta faɗa. Bappa yakan dawo gida ya zauna a kujerar roba a gindin darbejiya, waya a kunne, ina jin yana cewa, "Kai ma? To. Allah Ya sa alheri." Har aka wayi gari shi kaɗai ya rage. Kwantiraginmu ya ƙare, aka ƙara masa wa'adi, wa'adin ma ya ƙare. Sai safiyar Talatar nan.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa, amma in na ɓoye shi ban rubuta Bappa ba. Masu digiri na biyu da na uku aikinsu ya tsaya. Masu 'yan'uwa a wasu jami'o'in suka riƙa roƙon a turo musu maƙala ta waya, masu wayo suka bi ta shafukan sata, sauran suka zauna. Wata 'yar Michika da muke zama tebur ɗaya, wadda wata ƙungiya ke biya wa karatu da sharaɗin ta gama a kan lokaci, ba ta gama ba, aka janye. Yanzu tana sayar da katin waya a kusa da tasha. Ba ta taɓa gaya mini magana marar daɗi ba, ta dai daina zama kusa da ni. A aji kuwa in na shigo sai in ji an ce, "Ga 'yar mai kwaɗo."

Farfesa ya zo gida wata Asabar da hantsi. Daga ƙofa ya fara, kamar kullum: "Ina bawan nan nawa? Fito ka ɗauki takalmina."

"Barebari sun fara sa takalmi ke nan," in ji Bappa. "Shigo, uwata za ta kawo maka fura, ka ɗanɗana abincin 'ya'yan sarauta."

Na kai furar, na koma bayan labule. Wasan bai yi nisa ba.

"Ɗalibaina shida sun tsaya," Farfesa ya ce. "Biyu daga Bama suka gudo. Ka san abin da suka bari a baya kafin su zo nan. Ka sa hannu."

"In na sa, shi ke nan. Ba za su sake zama da mu a kan maganar ba."

"To sai me? Matattu ba sa neman ƙarin girma. Ba sa rubuta jarrabawa. Masu rai nake kawo maka."

"Na sani."

"Ba ka sani ba! Ka ɗauki makokin gidanku ka ɗora wa jami'a guda. Ƙanenka ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ni ma na binne nawa. Amma ban rufe wa 'ya'yan mutane ƙofa saboda su ba."

Na jira in ji Bappa ya musa. Bai musa ba. Farfesa ya tashi, furar ko taɓa ta bai yi ba. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai jefo wata tsokanar, yadda suka saba rabuwa, sai ya fasa ya fita.

Maganar ta zauna mini a ƙirji. In gaskiya ne, to saboda mu ne 'yar Michika ta bar karatu. Ni ba mai iya tambaya ba ce. Nakan shirya magana kwana da kwanaki, in na zo gaban mutum ta narke. Amma wata safiya, yana kai ni makaranta a tsohuwar motarsa, muna tsaye a cunkoson keke-napep, na ce, "Bappa, saboda Baba ne?"

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Uwata, kin gama babin da kike rubutawa?"

"Saura kaɗan."

"To ki gama."

Iyakar abin da na samu ke nan. Ban sake tambaya ba.

Da aka sanar cewa masu tantance kwasa-kwasai za su zo, kuma za su duba ko laburare yana da mujallu, sai hukumar jami'a ta daina lallashi. Ba a kore shi ba. An gode masa, an ce ya huta, mataimakinsa ya riƙe. A makon da ya biyo baya mataimakin ya sa hannu, babu sharaɗin Bappa a ciki. Ranar da mujallu suka dawo an yi tafi a laburare. Ni ma na zauna na sauke duk abin da nake buƙata, kuma ba zan ce ban ji sauƙi ba.

Bappa ya kwashe kayansa a kwali ɗaya. Ya karɓi hayar fadama a Mbamoi ya shiga dashen masakwa, mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba tun yana yaro. Yakan tafi da kwafin rubutun mahaifina a aljihu, ya zauna da manoma a bakin gona yana fassara musu da Fulatanci abin da aka ce game da tsutsa da lokacin dashe. Wani ya yarda, wani ya yi masa dariya. Ya taɓa gaya wa Inna, matarsa, cewa baki dai ba a sa masa kwaɗo ba tukuna. Azumin farko bayan saukarsa, Dada ta tare shi a tsakar gida kamar yadda ta saba. Ta buɗe baki, ta dube shi, sai ta ce, "Hamma, a dama kunu ko a yi shayi?" Ba ta ƙara yi masa waccan tambayar ba har ya rasu.

Allah Ya gafarta masa abin da ya yi daidai da abin da ya kuskure, domin ni ban iya rarrabe su ba. Allah Ya haɗa shi da ƙanensa a inda ba a rufe ƙofa. Waɗanda abin ya shafa, ina roƙonsu su yafe masa, ko da yafiya mai wutsiya ce.

Ranar sadakar bakwai, bayan la'asar, an fara naɗe tabarmi, sai aka aiko cewa wani baƙo daga Legas yana son yi wa iyali gaisuwa. Inna ta ce in je in karɓa a zaure, ita ba za ta iya ba. Wakilin kamfanin ne. Ya yi furfura, ya cire takalmi, ya durƙusa kamar ɗan gida.

"Sannu, 'yar Baba. Sai haƙuri. A waya na gani, na ce dole in zo. Wannan mutum ya wahalar da ni fiye da kowa a aikin nan, amma wallahi ina sonsa."

Na amsa. Ya yi addu'a irin tasu, na ce amin. Ya fara neman takalminsa. Na ji in ya fita, shi ke nan, ba ni da sauran wanda zan tambaya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana."

Ya koma ya zauna. Na gaya masa ko ni wace ce, da sunan mahaifina, da mujallar da rubutunsa yake ciki, da abin da Dada ta nema tun ranar rabon gado. Na shirya bayanin tsaf, amma tun kafin in kai rabi ya fara gyaɗa kai.

"Na sani," ya ce. "Na masakwa. Kai ne yarinyar." Hausarsa ta bariki ce, mace da namiji duk ɗaya. "Baba bai gaya maka ba?"

"Me?"

Ya shafa kansa. "Tun zama na biyu na gane akwai ɗan'uwansa a ciki. Na je na yi magana da manyana, suka yarda. Na zo na same shi a ofis, na ce Baba, na ƙanenka duka za mu buɗe, kyauta, har abada, da takarda. Kai dai ka bar maganar sauran, ka sa hannu. Sau uku ina kawo masa wannan. Na ƙarshe ana saura kwana kaɗan a rufe."

Na ji zauren ya yi mini ƙanƙanta. "Me ya ce?"

"Ya ce in ya karɓa, da wane ido zai kalli matan sauran? Ya ce matar ƙanensa tana da shi, su kuma ba su da kowa a teburin. Na ce Baba, ɗaya ai ya fi babu. Ya ce in sha ruwa in kama hanya, rana tana yi."

Daga cikin gida ina jin ƙarar tukwanen da ake wankewa, da muryar Dada tana cewa a kai wa maƙwabta sauran abinci. Shekara nawa tana tare shi a tsakar gida, yana cewa da saura, ashe abin yana kan teburinsa. Ban san ko fushi nake ji ba ko wani abu dabam. Har yau ban gaya mata ba, kuma ban san yadda za ta ɗauka ba in ƙannena suka karanta mata wannan.

 Na ce, "To yanzu fa? Ni magajiyarsa ce, mahaifiyata tana ciki, za ta sa hannu a duk inda kuka ce. Ba ma neman na kowa. Nasa kaɗai. Za ku buɗe?"

 Ya sa takalminsa ɗaya, ya tsaya da ɗayan a hannu, ya dube ni, kuma na ga ba ya son ya yi mini ƙarya a gidan makoki.

"'Yar Baba," ya ce, "wancan lokacin akwai abin da muke so a hannunsa. Yanzu babu."